Ciyayyar Mutum Biyu

Lokacin da na ajiye aikin malamin gona na dawo gida Roni, ciyayyar layinmu tana nan da ranta. Ana sallame Magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, don nan ne akwai fili, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa a jera a tsakiya. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Ba a cewa miyar gidan wane ta fi mai, ko da kowa ya sani. Wanda matarsa ta yi yaji ranar zai ƙoshi, wanda rumbunsa ya yi ƙasa ma zai ƙoshi, kuma dukkansu su tashi da mutuncinsu.

A hankali tabarmar ta yi mana yawa. Wasu mun raka su makwancinsu, wani ya bi 'ya'yansa Kano, wani likita ya hana shi gishiri ya koma ci a ɗaka. Samarin da suka gaji gidajen kuwa ba su gaji tabarmar ba. Suna can ciki da matansu, cokali a hannu ɗaya waya a ɗaya hannun, wai wayewa ke nan. Na taɓa yi wa ɗaya daga cikinsu magana, ya ce min in sha Allahu, ni kuwa na san irin wannan in sha Allahun. Ƙarshe dai muka rage mu biyu, ni da maƙwabcina da nake kira Yaya, saboda abokin babban wana ne tun suna yara.

Yaya tsohon dillalin shanu ne, yana cin kasuwar Babura tun ina firamare. Babarbare ne ta wajen uba, ni kuwa Bafulatani, don haka babu ranar banza da ba ma tsokanar juna. Ciwon yana ya rufe masa ido a hankali, har ya zama rana da dare kawai yake bambancewa. Matarsa ta rasu, tawa ma ta bi ta ba da jimawa ba. Sai dai ni ina da matar ɗana a gida, mijinta yana aiki a Abuja sai ƙarshen wata yake leƙowa, ita take girka min. Shi kuwa ba shi da kowa sai 'ya ɗaya da take aure a Gwiwa. Ta sha roƙon sa ya koma wajenta, yana cewa bai ga abin da zai kai shi zaman gidan suruki ba alhali yana da rufin kansa.

Kullum yakan fito da sanda a hannun dama, kwano rufe a hannun hagu. Mu fara da nawa, wanda matar ɗana take cika shi kamar na mutum uku, ba tare da na taɓa ce mata ta yi hakan ba. In mun gama sai ya ce, "To Bafulatani, jawo namu."

In ce, "Yaya, ai babu wuri. A bar shi na safe."

Ya ce, "Ku dai da tsoron abinci. Shi ya sa iska take ɗaukar ku."

Ya ɗauki kwanonsa ya koma da shi yadda ya zo. Ban taɓa buɗe kwanon nan ba, amma na san nauyinsa, don ni nake miƙa masa. Abincin kirkin da yake samu a yini shi ne wanda yake ci a tabarmar nan, kuma yana cin sa ne saboda ciyayya ce, kowa ya zo da nasa. Ni ma ba don Allah kaɗai nake yi ba. Daga asuba zuwa Magariba ba na magana da kowa sai gaisuwar masallaci, da ta matar ɗana da take yi a durƙushe daga bakin ƙofa ta tashi. Hirata ta yini gaba ɗaya tana kan tabarmar nan.

Ciwon dasashi ya daɗe yana yi min sallama ina ƙin amsawa. Ina ganin jini a kan asuwaki, in ce itacen ne ya yi tauri. Sai naman ya fara ja da baya daga haƙoran ƙasa, suka yi tsawo, ruwan randa ya zama abin tsoro, har wasu suka fara motsi. Da na gaya wa Yaya sai ya ce a Babura saniya mai irin wannan baki ko mahauci sai an roƙe shi. Na je asibiti a Kazaure, suka duba suka tura ni Kano wajen masu aikin dasashi.

Likitar matashiya ce, 'yar wajen Filato, Hausa a bakinta tsaf. Ta ce za ta ɗaga naman ta wanke abin da ya taru a gindin haƙoran, sannan ta yanko ɗan nama daga saman bakina ta ciki ta ɗinke shi a inda ya zaizaye. Na ce faci ke nan, irin na taya. Ta ce haka ne. Ta tambaye ni ciwon suga, na ce akwai, amma muna zaman lafiya da shi. Ta dubi awon, ta dube ni, ta ce wannan zaman doya da manja ne, sai da na yi makonni ina gyara shi kafin ta yarda ta taɓa ni.

Ranar da aka yi aikin ban ji komai ba sai ja da ƙarar ƙarfe. Da ta gama ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, ku saurare ni da kyau. Ba abu mai zafi, ba yaji, ba tauna, ba goro. Ko a alwala kada ku kurkure baki da ƙarfi. Magana ma ku rage. Ramin da ke sama shi ne abin ji, kuma masu suga ba sa warkewa da wuri."

Na gyaɗa kai. Ban yi tunanin tabarma ba sai da mai acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida, kumatu a kumbure, miyau yana zubo min ba tare da na sani ba.

Ban fita ba ranar. Na yi wa matar ɗana nuni da ta kai wa Yaya kwanon gidansa. Ba ta jima ba ta dawo da shi, murfin ko motsawa bai yi ba. Ta ce, "Baba, sun ce a gaishe ku. Sun ce sun riga sun ci."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna ina zagin taurin kan Barebari a zuci, tunda bakin ba ya buɗuwa. Amma na san dalilinsa sarai. Tuwon da muke sa hannu tare ciyayya ne. Tuwon nan dai, in mace ta ɗauko shi ta yi sallama ta ajiye wa makaho a ƙofar ɗaki, sadaka ne. Mutumin da ya sha ciyar da fatake a zaurensa ba zai ci wannan ba. Washegari ma na aika, ya sake dawowa.

Ba wanda ya zo duba ni, don a wajenmu ciwon haƙori ba ciwo ba ne. Mutumin da yake tafiya da ƙafarsa zuwa masallaci ba a kai masa dubiya. Sai dai a ce, "Ashe haƙori aka cire? Allah ya sawwaƙe," a wuce. Yaya ne kaɗai ya zo, da hantsi, yana laluben bango. Ya zauna a zaure ya yi min sannu, ya fara ba ni labari, yana tsayawa inda ya saba tsayawa don in sa baki. Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina ɗaga hannu, ina murmushin da zan iya da rabin fuska, shi kuma ba ya ganin ko ɗaya. Can ya ce, "Kana nan kuwa?" Na yi gurnani. Muka zauna shiru, makaho da bebe, har ya gaji ya nemi sandarsa. Da ya fita kaɗaici ya kama ni irin wanda rabona da shi tun kwanakin rasuwar matata.

Da kumburin ya ɗan sace sai na fita. Aka ajiye kwanon tuwo a tsakiya, ni kuma na riƙe kofin kunu da ya huce. Na ce masa da ƙyar, "Bismillah, Yaya." Ya wanke hannu ya fara. Loma kaɗan ya yi ya tsaya ya karkata kai.

"Ban ji hannunka ba."

"An hana ni. Kunu nake sha."

"To, alhamdu lillahi," ya ce, ya tsame hannu ya lashe yatsunsa. Na roƙe shi ya ci gaba, ya ce cikinsa ne yau ba daɗi.

Kashegari na yi dabara. Na sa hannu a kwanon ina taɓa tuwon, ina kai hannu baki, har da ɗan tanɗe leɓe. Na manta cewa kowa a gabansa yake ci, kuma mai laluben abinci da yatsu ya fi mai ido sanin abin da ke cikin kwano. Ya ci nasa gefen har ya iso tsakiya, yatsunsa suka haye nawa gefen suka same shi a tsaye yadda aka kwaso shi. Ya tsame hannu.

Kwana nawa mutum mai shekarunsa zai yi a haka? Na dube shi a hasken da ya rage, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na ce wa kaina ai tuwo ba tauna shi ake ba, haɗiya ake. Likita tauna ta hana. Na sa matar ɗana ta yi shi da laushi, miyar kuɓewa ba barkono, a bar shi ya huce. Yaya ya ɗanɗana ya ce, "Yau miyar asibiti aka yi mana." Amma da ya ji ina ci da gaske sai ya gyara zama. Ya ci har ya yi gyatsa, ya ce in jawo nasu, na ce babu wuri. Daɗin da na ji ranar ya fi ƙarfin zafin.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanyar da loma take bi. Harshe saman baki yake danna ta kafin ta wuce, daidai kan ramin da aka yanki naman. A ci na uku ko na huɗu abin da likita ta manna ta rufe wurin ya fita, na ji gishirin jini ya cika min baki. Na haɗiye na ci gaba, don kada ya gane. Kafin mako ya zagayo wurin ya yi fari ya fara wari, zafin yana harbawa har kunne, facin ƙasa ma gefensa ya buɗe.

Likitar ta leƙa bakina, sannan ta ce, "Baba, me kuka ci?"

Na ce tuwo.

"Yunwa kuke ji? Ai na ce a dama muku kunu, a murje wake, a ba ku nono."

Na ce ba yunwata ba ce. Na so in yi mata bayani, amma labarin dogo ne, bakin kuma ciwo yake, ga mutane a layi. Ta yi min faɗa kamar ita ta haife ni, na kuwa sha, don tana da gaskiya. Ta wanke wurin, ta sake ɗinki, ta rubuta magani. Sannan ta ce akwai wani abu da za ta ƙara, tunda jikina ba ya saurin haɗa nama.

Ta jawo wata na'ura mai girman akwatin rediyo. Ta ce tana karɓar iskar oksijin ta juya ta zuwa wata iska mai ƙarfi da ake kira ozon, wadda take kashe ƙwayoyin cuta a kan miki. Ta kifa wani ɗan kofin roba a kan ramin, iskar tana shiga ta siririn bututu, wani bututun kuma yana zuƙe ta, don ta ce ba a so ta shiga huhu. Ba zafi, sai ɗan sanyi da tsami a harshe. Warinta irin na rumfar masu walda ne. Bayan nan ta ɗauraye bakin da ruwan da aka ratsa iskar a cikinsa, ta ba ni wani mai mai kauri a ƙaramar kwalba, shi ma an ɗura masa iskar, in riƙa shafawa da auduga, in ajiye shi wuri mai sanyi.

Na tambaye ta ko wannan zai sa in warke da sauri. Ta ce, "Ba zan yi muku ƙarya ba. Wasu likitoci sun ga yana taimakawa, wasu suna cewa sai an ƙara bincike. Ni na ga yana rage zafi da wari. Amma in kuka sake sa tuwo a bakin nan, ko iskar duniya duka na hura masa ba zai haɗe ba. Daga yau sai abin sha, har sai na ce."

Haka na shiga zirga-zirga. Acaɓa daga Roni zuwa Kazaure, mota zuwa Kano, zaman layi, 'yan mintoci a ƙarƙashin kofin roba, sannan a juyo. Lokacin kaka ne, ana ta cirar gyaɗa a gefen hanya, gero ya sunkuyar da kai. A mota kowa yana hira, ana sayen gyaɗa dafaffiya da rake ta taga ana miƙo min, ina girgiza kai da hankici a baki, har wani ya ce wa na kusa da shi tsohon nan bai da fara'a. Ranakun zuwa Kano ba na isowa gida sai an yi Isha'i, in tarar da ƙofata babu tabarma. Kwalbar man kuwa a gindin randa na binne ta cikin yashi mai laima, tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce.

Ranakun da nake gida ina fita da kofina, a kuma fito da kwanon tuwon, don na hana a daina. Yaya yakan shinshina ya ce, "Mai walda ya iso." Ba ya taɓa tuwon. Na lallashe shi, na yi masa wasa, na yi fushi. Wata rana na ce masa da kakkausar murya, iyakar yadda bakin ya bari, "Yaya, wannan girman kai ne. Abinci dai abinci ne."

Ya ce, "Haka ne."

Ya jawo kwanonsa ya buɗe shi a gabana. Garin rogo ne da aka jiƙa, da ɗan ƙuli-ƙuli a marmashe a kai, bai kai cikin tafin hannu biyu ba. Ya yi bismillah ya cinye shi a nutse, ya suɗe kwanon, ya mayar da murfin. Ga malmalar tuwon dawa da miyar kuka tana tururi tsakaninmu. Na riƙe kofina na kasa sha. Kunya ta kama ni kamar na shiga masa ɗaki ba sallama, kuma na san ni na tura shi ga haka. Daga ranar ya fara cewa azumi yake na nafila kuma ya riga ya sha ruwa a masallaci, daga baya ya ce gwiwoyinsa ba sa son zaman ƙasa. Ya daina fitowa.

Na ci gaba da fita ni kaɗai na ɗan lokaci. In zauna da kofi, sauro yana cizo na, masu wucewa suna gaishe ni daga kan babur ba tare da sun rage gudu ba. Ƙofarsa tana can a buɗe rabi, ina jin tarinsa. Ina iya tashi in shiga, amma in ce masa me? Abu ɗaya ne zai dawo da shi tabarma, shi ne in iya cin tuwo. Saboda haka na zama majinyacin da babu kamarsa. Ina shafa mai a kan lokaci, ina auna suga, ban taɓa fashin zuwa ba. Kullum da safe in ɗauki madubin matata in fita haske in buɗe baki. Farin ya tafi, wurin ya yi ja, ramin ya fara cikowa daga gefe. Duk zuwa sai na tambayi likitar, "Yau fa?" Ta ce, "Saura kaɗan, Baba." Ina jin haushin kalmar nan har yanzu.

Ranar da ta yarda, ta daɗe tana duba wurin da ɗan madubinta, ta kira abokiyar aikinta ta gani, ta nemi izinina ta ɗauki hoton bakin. Ta ce ba ta zata mai suga zai haɗe haka ba bayan abin da ya faru, ko iskar ce, ko man ne, ko kuwa jin magana ne, ita dai ta ji daɗi. Ta ce in fara da mai laushi, amma tuwo ya halatta. Na yi mata addu'a har ta ji kunya.

Da wuri na fito ranar. Na tsaya a Kazaure na sayi kifi ɗanye manya, na hau acaɓa ina ce wa mai babur ya ƙara wuta, ni da na saba yi musu faɗan gudu. La'asar sakaliya na iso. Ƙofar Yaya a garƙame da kwaɗo.

Matar ɗana ta karɓi kifin ba ta tashi daga durƙuson ba. Ta ce jiri ya kwashe shi da safe a wajen alwala, ya faɗi ya fasa goshi. 'Yarsa ta zo da mota daga Gwiwa kafin azahar, ta tafi da shi.

Na ce, "Wa ya gaya mata?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ni ce. Tun makon jiya na kira ta, na ce ta zo ta gan su. Yau da suka faɗi na sake kira. Ku yi haƙuri, ban shawarce ku ba."

Maganganu da yawa suka taso min. Na so in ce mata yau ɗaya ta rage, yau ɗin nan da na riƙo kifi. Na so in tambaye ta wa ya sa ta shiga maganar manya. Na dubi yarinyar nan da ta shekara tana cika kwano don mutumin da ba ubanta ba, tana kuma kallon kwanon yana dawowa. Na ce, "Kin kyauta." Na shige ɗaki don kada ta ga fuskata.

Ta dafa kifin, ta kawo min ɗaki. Bakin lafiya lau, babu zafi ko kaɗan, haƙoran sun tsaya. Na ci kaɗan na rufe. Haka kwanakin da suka biyo baya. Na warke sarai, kuma ban san abin da zan yi da warkewar ba. In an sallame Magariba in dawo in zauna a bakin gado ina jin gidaje suna ta ƙarar kwanuka. Kewarsa nake ji, kuma ina jin haushinsa, har da haushin kaina da na likita da na'urarta da ta yi aikinta daidai amma a makare.

Sai da na bari goshinsa ya warke, kamar yadda 'yar ta gaya wa matar ɗana a waya, sannan na hau acaɓa zuwa Gwiwa. An gama yankan gero, dammuna a jingine a gonaki. Gidan surukin nasa babba ne, mutumin kirki ne kuma, ya tarbe ni ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ɓace. An ba Yaya ɗaki a soro, da katifa sabuwa da fanka. 'Yar ta tare ni kafin in shiga, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba, don Allah ku yi musu magana. Akwai ciyayya a ƙofar gidan nan, manya da yawa, amma maigidan yana ciki, kun san ba za su ci a gabansa ba. Maigidan ya ce shi zai daina fita, suka ce in ya yi haka za su bar gidan. Sai dai in kai musu ɗaki in ja ƙofa, in dawo in ɗauke kusan yadda na kai."

Na ce, "Zai koma Roni kuwa?"

Ta ce, "Ba zan iya ba, Baba. In suka sake faɗuwa fa?"

Na yi sallama. Ya ɗago kai ya shinshina. "Warin waldar ya tafi. An sallame ka ke nan."

Muka gaisa. Ya tambayi liman, ya tambayi ko an zuba wa kajinsa ruwa kafin a raba su, ya ce zamansa nan na ɗan lokaci ne, da an gama sussuka zai dawo. Na ce Allah ya kai mu. Da azahar ta yi muka yi salla, 'yar ta kawo tuwon gero da miyar taushe da nama, kwano ɗaya, ta ajiye tsakaninmu ta fita.

Ya ce, "Yau ni ne mai kwano. Bismillah, Bafulatani, kada ka ji kunya."

Muka ci. Ya ci kamar mai rama bashin kwanaki, miya har gemu. Ya lalubo tsoka ya turo gefena, ya tsaya yana saurare har na tauna ta, sannan ya ce yanzu in aka kai ni Babura za a taya. Na ba shi labarin na'urar da kofin robar, ya ce ashe har iska ma an fara sayarwa. Na yi dariya da baki a buɗe, abin da na manta yadda ake yi. Sai da muka ga ƙasan kwanon. 'Yar ta zo ɗauka, ta dubi kwanon, ta dube ni, ta fita da sauri.

Rana ta karkata, mai acaɓa yana jira na a inuwa, ya leƙo sau biyu. Na tashi na miƙa masa hannu. Bai sake ni ba. Ya zarce da yatsunsa ya zagaye wuyan hannuna, ya matsa, ya hau har gwiwar hannu.

"Likitar ta ce ka warke?"

"Sarai, Yaya."

"To ina naman ya tafi?"

Na dubi hannun nawa a cikin nasa.

"Kai da wa kake ci yanzu?"

Na so in ce da liman, ko in ce samarin layi sun fara fitowa. Na san zai ji ƙaryar a muryata. Na ce, "Ni kaɗai. A ɗaka."

Ya riƙe hannun nawa na ɗan lokaci, sannan ya sake shi ya jingina da bango.

"Ka riƙa sa yarinyar nan ta fitar maka da tuwon waje, ko kai kaɗai ne," ya ce. "A ɗaka ba ya wucewa. Na gwada."